Nowa Huta da ire-irenta: ta ina ake farawa idan za a kai baƙi unguwar da 'yan kwaminis suka gina?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so masana cikinmu su warware mana. Birnin Krakow na ƙasar Polan ya karɓi baƙi kimanin miliyan 14 a shekarar 2019, galibinsu kuma a tsohon gari suke cunkusuwa, wanda ya shiga jerin wuraren tarihin duniya na UNESCO tun 1978. Kilomita goma daga nan ta gabas akwai Nowa Huta, garin da gwamnatin kwaminis ta fara ginawa a 1949 don ma'aikatan masana'antar ƙarfe. An tsara shi don mutum 100,000, da babban dandali a tsakiya da manyan tituna biyar da suka fita daga cikinsa. A 2023 gwamnati ta sa shi a sahun manyan wuraren tarihin ƙasar. Duk da haka, wanda ya kai can bai taka kara ya karya ba idan an kwatanta da masu zuwa tsohon gari. Tambayata ita ce, idan hukumar birni tana son irin wannan unguwa ta riƙa kawo kuɗi, da wane aiki ya kamata ta fara?

Aminu:
Wa alaikumus salam Malam. Da hanya da lokaci ake farawa. Baƙon da ya zo Krakow na kwana uku ya riga ya raba kwanakinsa tun daga gida: ɗaya tsohon gari da fadar Wawel, ɗaya sansanin Auschwitz, ɗaya ramin gishiri na Wieliczka. Nowa Huta rabin yini take nema a cikin wannan matsi. Don haka zagayen bai kamata ya wuce awa uku zuwa huɗu ba, har da zuwa da dawowa, kuma jirgin tiram yana cin kusan rabin awa daga tsakiyar gari.

Zagayen da ya fi tafiya daidai shi ne a sauka a babban dandali, a shiga tsohuwar silima ta Swiatowid wadda yanzu ita ce gidan tarihin unguwar, a miƙe titin Aleja Roz inda mutum-mutumin Lenin, jagoran juyin kwaminis na Rasha, ya tsaya daga 1973 zuwa 1989, a wuce ta gidan wasan kwaikwayo na Ludowy, a ƙare a cocin Arka Pana. Ƙofar masana'antar tana da nisa, ƙafa ba ta kai mutum cikin lokaci, sai an sake hawa tiram. A nan yawancin zagaye ke lalacewa, domin an tsara titunan ne don faretin dubban mutane, tazarar da ke tsakanin abin kallo da abin kallo tana da tsawo, baƙo ya gaji kafin a kai inda labarin ya fi daɗi.

Injiniya Bashir:
Aminu, ban ƙi ta taka ba, amma ka tsallake mataki. Kafin a zana hanyar baƙi sai an san wane gini ne zai ɗauki mutane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a ginin kankare kuwa ƙadangaren ruwa ne.

Akwai bambancin da mutane ke mantawa. Tsohon ɓangaren Nowa Huta, na shekarun 1950, da jan bulo aka gina shi, bango mai kauri da filasta. Irin wannan yana da haƙuri, matsalarsa rufi da indararo da filastar da ke ɓarewa. Unguwannin da aka ƙara daga baya su ne na fale-falen kankare da ake zubawa a masana'anta a kawo a haɗa. Waɗannan ciwonsu daban. Sabon kankare yana da wani kaifi irin na kanwa wanda ke hana rodi tsatsa. Iskar kabon tana shigarsa a hankali daga waje tana kashe wannan kaifin. Ranar da ta kai ga rodin, sai ya fara tsatsa, tsatsar kuma tana kumbura ta ninka kaurin ƙarfen da ta cinye, ta turo kankaren ya faɗo. A bangon waje ana so kankaren da ya lulluɓe rodi ya kai milimita 30 zuwa 40. A yawancin gine-ginen da aka yi da gaggawa don cika alƙaluman gwamnati bai kai haka ba.

Gwajin ba shi da tsada. A fasa ɗan gefe, a fesa ruwan gwaji na finoftalin. Inda ya koma ruwan hoda, kariya na nan. Inda bai canja launi ba, ta tafi. A auna zurfin da ma'auni, a kwatanta da zurfin rodin. Idan za a gyara, ba a shafa sabon siminti a kan tsatsa. Ana sassaƙe kankaren har bayan rodin da kamar santimita biyu, a goge ƙarfen ya yi haske, a ƙara wani idan ya sirance da yawa, sannan a cike da kwaɓin da ya yi daidai da tsohon a ƙarfi da launi. Kuskuren da aka fi yi shi ne cikewa da siminti mai ƙarfi fiye da na asali: faci ya tsaya lafiya, gefensa ya fara rugujewa bayan 'yan shekaru.

Tsarin aikin shi ne rufi tukuna, sai magudanar ruwa, sai binciken asbesto (wani kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu), sai bango, fenti da allunan bayani a ƙarshe.

Alhaji Sule:
Ni fa har yanzu ban gamsu da tushen maganar ba. Mutanen da suka ƙwace gonakin talakawa da diyyar da ba ta kai ta kawo ba, suka hana addini, suka ɗaure masu magana, a ce gine-ginensu za a kashe wa kuɗin jama'a a adana? In da ni ne, a rushe a huta.

Dakta Hauwa:
Alhaji, ranka ya daɗe, abin da ka faɗa shi ne ra'ayin mutane da yawa a can, kuma ba a banza ba. Amma a duba abin da ke cikin Nowa Huta. An tsara garin ba tare da coci ko ɗaya ba, da gangan. A ranar 27 ga Afrilu 1960 hukuma ta zo cire giciyen da mutane suka kafa a filin da aka taɓa yi musu alkawarin coci, aka yi arangama da 'yan sanda. Mutanen ba su saki ba har aka ba su izini. Daga 1967 zuwa 1977 suka gina Arka Pana, yawancin aikin da hannu da gudummawa, suka lulluɓe bangonta da duwatsun rafi da jama'a suka yi ta kawowa. Karol Wojtyla ne ya buɗe ta, shekara guda kafin ya zama Fafaroma. A shekarun 1980 masana'antar da aka sa wa sunan Lenin ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc, mai adawa da gwamnatin kwaminis. A 1982 jami'in tsaro ya harbe wani matashin ma'aikaci, Bogdan Wlosik, kusa da wannan coci.

Wato garin da aka gina don ya zama abin alfaharin mulkin, shi ya juya masa baya. Idan aka rushe titunan, an rushe wurin da za a nuna wa yaro a ce a nan kakanka ya tsaya. Ban da haka, mutane ne ke zaune a ciki, dubbai, gidajensu ne.

Inda aka rushe ma ba a huta ba. A Berlin an rufe zauren Palast der Republik, majalisar tsohuwar Jamus ta Gabas, a 1990 saboda asbesto, aka rushe shi tsakanin 2006 da 2008, kuma har yau Jamusawan gabas da yawa suna ganin tarihinsu aka share. A Sofiya, babban birnin Bulgeriya, an tarwatsa hubbaren shugaban kwaminis Georgi Dimitrov a 1999, sai da aka yi ta dasa nakiya kafin ya faɗi.

Alhaji Sule:
Gidaje na yarda, Dakta. Gumakan fa?

Dakta Hauwa:
Su ne masu sauƙin sha'ani, domin ana iya ɗauke su. Budapest, babban birnin Hungari, ta tattara guda 42 ta kai wani fili a gefen gari, Memento Park, aka buɗe a 1993. A Lituwaniya wani ɗan kasuwa ya yi irin haka a Grutas a 2001. Sofiya ta buɗe gidan adana zane da sassaƙa na zamanin gurguzu a 2011. Lenin na Nowa Huta kuwa sayar da shi aka yi, yana wani wurin shaƙatawa a Suwidin. Ɗauke mutum-mutumi daga dandali yana cire masa kwarjinin da aka kafa shi dominsa, kuma ba a lalata shaida ba.

Aminu:
Sai dai Memento Park yana da darasi ta fuskar kasuwa. An kai shi nesa don kada ya dami kowa, nisan kuma shi ke hana baƙi zuwa. Sai an haɗa jirgin ƙasa da bas, a isa a tarar da fili fayau, zagayen bai wuce awa ɗaya ba, babu wani abin yi a kusa. Gidan tarihin zaluncin mulkin kama-karya, House of Terror, da ke titin Andrassy lamba 60, a tsakiyar gari, wanda aka buɗe a 2002, ya fi shi samun jama'a nesa ba kusa ba. Duk abin da aka nisanta daga hanyar da baƙo ya riga ya saba bi, sai an biya masa kuɗin mota da talla har abada.

Hajiya Rabi:
Ina so in dawo da ku kan kuɗi, domin Malam Nasiru cewa ya yi unguwar ta riƙa kawo kuɗi. Kawo wa wa?

Yadda zagayen da ya fi shahara yake tafiya shi ne kamfani ya ɗauko baƙi daga otal a tsohon gari cikin Trabant, tsohuwar motar Jamus ta Gabas, ya zaga da su, su sha wani abu a gidan abinci na Stylowa da ke nan tun 1956, a nuna musu wani ɗaki da aka ƙawata da kayan da, a mayar da su otal. A lissafa: kuɗin kwana ya tsaya a tsohon gari, kuɗin zagaye yana hannun kamfani, abincin dare a tsohon gari. Abin da ya faɗo a Nowa Huta kofin shayi ne. Mazauna kuma su ne ke shan hayaƙin motar da kyamarar baƙi a tagoginsu.

Abubuwa uku ke tsayar da kuɗi a unguwa. Na farko, dalilin da zai sa baƙo ya kai yamma: wasa a gidan Ludowy, ko kiɗa a cibiyar al'adu. Na biyu, abinci a kan hanyar zagayen, a daidai lokacin da yunwa ke kamawa. Akwai gidajen abinci masu rahusa da suka rage tun wancan zamani, waɗanda suke kira bar mleczny, har yau gwamnati na tallafa musu. Na uku, 'yan jagora daga cikin unguwa, musamman tsofaffin ma'aikata. Masana'antar ta taɓa ɗaukar kusan mutum 40,000, kuma a 2020 aka kashe babbar tanderunta gaba ɗaya. Masu labari a baki suna nan, amma shekaru na tafiya da su. Ɗaukar muryoyinsu aiki ne da ya fi gyaran bango gaggawa, bango zai iya jira shekara biyar, dattijo mai shekara tamanin da biyar ba lallai ba.

Aminu:
Hajiya, a yi wa masu Trabant adalci. Lokacin da suka fara, a farkon shekarun 2000, mutanen Krakow kansu suna tsoron zuwa Nowa Huta, ana ce mata unguwar 'yan daba da marasa aiki. Babu wata hukuma da ke kai baƙo can. Su ne suka nuna akwai kasuwa. Kuma motar tana sayar da kanta: inji mai bugu biyu wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai kamar tsohon babur, jikinta na wani irin roba mai tauri ne, fasinja uku take ɗauka ban da direba. Wannan ƙarancin wurin shi ya sa kuɗin kowane kai ke da yawa, shi ya kuma sa harkar ba za ta taɓa girma ta cika unguwar ba.

Dakta Hauwa:
Ban musa sun buɗe ƙofa ba, Aminu. Damuwata irin labarin da ake sayarwa. Idan baƙo ya tafi da hoton mota mai ban dariya da layin sayen burodi kawai, an mayar da rayuwar mutane wasa. Berlin ta ga ƙarshen wannan hanya a Checkpoint Charlie, tsohon shingen tsallakawa tsakanin gabashi da yammacin birnin, inda wasu ke sa kayan soja suna karɓar kuɗin hoto, har hukuma ta hana su a 2019. A garin dai, a tsohon kurkukun 'yan sandan ciki na Hohenschönhausen, tsofaffin fursunoni suna cikin masu zagayawa da baƙi, kuma makarantu ke cika wurin. Na biyun ma yana kawo kuɗi, kuma ba ya zubar da mutuncin kowa.

Amma akwai kuskure ta ɗaya gefen, shi ne a mayar da komai baƙin ciki. Ga wanda ya baro ƙauye a 1952 ba wuta ba famfo, ya samu ɗaki mai banɗaki da ɗumama, makaranta da asibiti a ƙafa, Nowa Huta ci gaba ce ta gaske. Idan ɗan jagora ya ce masa rayuwarsa duk zalunci ce, zai rufe ƙofarsa. Zagaye mai kyau yana ɗauke da murya uku aƙalla: manomin ƙauyen Mogila da aka karɓe wa gona, ma'aikacin da ya samu gida, da wanda aka ɗaure. Kuma kada a fara labarin daga 1949 kamar daji aka tarar. Gidan ibadar 'yan zuhudu na Mogila yana nan tun ƙarni na 13.

Malam Nasiru:
Madalla. Injiniya, na ga ana yawan tallata maɓoyar ƙarƙashin ƙasa. An ce akwai kusan 250 a ƙarƙashin Nowa Huta. Me ya hana a buɗe da yawa?

Injiniya Bashir:
Danshi da ƙofa, Malam. An gina su ne don mutane su shiga su kulle kansu daga harin sama, shi ya sa ƙofofin ƙanana ne masu nauyi, matakala matsattsa. Dokar kashe gobara tana son hanyar fita biyu da fitilun gaggawa masu batir. Hanyar tsira ta asali sau da yawa rami ne da ake rarrafawa, ba za a lissafa ta ba. Fasa sabuwar ƙofa a kankare mai kauri yana da tsada, kuma sai hukumar kula da kayan tarihi ta yarda. Galibinsu ma a ƙarƙashin gidajen mutane suke, mazauna na ajiye kaya a ciki.

Danshi kuwa, ga inda ake yin kuskure. Mutum ya ji wari sai ya buɗe ƙofofi a ranar zafi don wurin ya sha iska. Iskar waje mai ɗumi tana ɗauke da ruwa, ta taɓa bango mai sanyi, ta zama raɓa. An ƙara jiƙa wurin ke nan. Daidai shi ne a sa na'urorin auna danshi da zafi su yi shekara guda cur suna rubutawa kafin a shigar da kayan nuni ko ɗaya. Ana so danshi ya tsaya ƙasa da kashi 60 cikin ɗari. Sama da haka ƙarfe na tsatsa, takarda da tufa na fumfuna. Kowane baƙo kuma yana ƙara ruwa da numfashinsa, saboda haka yawan mutane yana da iyaka. Idan ɗaki yana ɗaukar mutum 15, ana shiga duk rabin awa, awa takwas a yini, mutum 240 ke nan ranar da aka cika maƙil. A kan wannan adadi za a lissafa kuɗin tikiti, da albashi, da wutar na'urar busar da iska wadda ba a kashewa dare da rana.

Wani abu mai muhimmanci: kada a bar baƙi su sa tsofaffin takunkumin kariya daga guba don ɗaukar hoto. Matatun wasu daga cikinsu, irin na Sobiyet, suna ɗauke da asbesto. A nuna su cikin gilashi, ko a cire matatar.

Tirana, babban birnin Albaniya, ta yi nasara da wannan harka saboda girman abin da ta samu. Gidan tarihinta na Bunk'Art na farko maɓoyar shugabannin zamanin mulkin kwaminis na Enver Hoxha ce, hawa biyar da ɗakuna 106 a cikin dutse, ba ta ƙarƙashin gidan kowa. Na biyu, da aka buɗe a 2016, yana tsakiyar gari. Ƙananan maɓoya sama da 170,000 da aka warwatsa a Albaniya kuwa, mafi yawansu ba su da wani amfani ga baƙo sai hoto daga waje.

Malama Zulai:
Ku ba ni dama in shigo da maganar mallaka, domin ita ce ke kayar da tsare-tsare masu kyau. Bayan faɗuwar mulkin kwaminis a 1989 an sayar wa masu haya ɗakunansu da rahusa. Bene ɗaya yanzu yana iya samun masu shi hamsin ko fiye, kuma duk gyaran da ya shafi bangon waje sai rinjayensu ya amince. Abin da ke gabansu kuɗin ɗumama ɗaki ne a lokacin sanyi. Mafita mai arha ita ce a manna farin soso mai kaurin santimita 10 zuwa 15 a bangon waje, a shafe da filasta, a canja tagogin katako da na roba. Ɗaki ya yi ɗumi, amma duk adon da ke jikin ginin ya nutse, tagogi sun zurma ciki, titin ya koma kamar kowane titi. Abin da baƙo zai zo gani ya tafi, kuma ba wanda ya yi mugunta.

An sa tsarin tsohuwar Nowa Huta a rajistar kayan tarihi a 2004, a 2019 kuma majalisar birni ta amince da dokar da ta kayyade alluna da tallace-tallace da kamannin shaguna a yankin. Amma hani kaɗai ba ya aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan an hana shi soso a waje, sai a biya bambancin kuɗin abin da aka yarda da shi: toshe zafi ta rufi da silin ɗakin ƙasa, inda ba a gani, da tagogi masu gilashi biyu da aka yi da fasalin na asali. Idan hukuma ba ta biya ba, za a wayi gari an canja tagogi da dare.

Sai haɗari na gaba idan abin ya karɓu: haya ta tashi, ɗakuna su koma masaukin baƙi na kwana biyu. A titin Karl-Marx-Allee na Berlin, masu haya sun yi zanga-zanga da aka so sayar da benayensu ga wani babban kamfani, har gwamnatin birnin ta sayi ɗakuna kusan 670 a 2019. Gara a sa dokar masaukin baƙi tun unguwar ba ta yi tsada ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hajiya Rabi:
Wannan ya kawo mu ga manyan gine-gine. Tikitin baƙi ba ya riƙe su, ko kusa. Fadar majalisa ta Bukarest, da shugaban kwaminis na Romaniya Ceausescu ya fara a 1984 bayan an tashi mutum kusan 40,000 daga gidajensu, tana da ɗakuna 1,100. Baƙi suna shiga da fasfo a bayan ɗan jagora, suna ganin ɗan ɓangare, amma baitulmali ne ke biyan wuta da ɗumama saboda majalisa na zaune a ciki. Fadar al'adu ta Warsaw, ta 1955, mai tsawon mita 237, ta rayu ne domin akwai silima da gidajen wasa da ofisoshi da gidajen tarihi a cikinta. Baƙo yana hawa bene na 30 ya kalli gari, wannan ƙari ne a kan haya. Dalar Tirana, da aka buɗe a 1988 don tunawa da Hoxha, ta yi shekaru a yashe. Da aka sake buɗe ta a 2023, cibiyar koya wa matasa fasahar kwamfuta aka sa a ciki, aka yi matakala a jikinta kowa ya hau kyauta.

A kwatanta da Buzludzha a Bulgeriya, zauren jam'iyya da aka buɗe a 1981 a kan tsauni. Hotunansa sun cika intanet, mutane na hawa don ganinsa, amma ba shi da mai zama a ciki. Aka kwashe rufin, ƙanƙara da ruwa suka ci adon bangon. Tallafin da gidauniyar Getty ta bayar a 2019 na tsara yadda za a ceto shi ne, kafin a zo maganar gyara gaba ɗaya. Ginin da ba shi da mai kunna fitila kullum, shahara ba ta hana shi zubewa.

Malam Nasiru:
Abin ya tuna mini da masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, tun da kamfanin Sobiyet ne ya gina ta, da gidajen ma'aikata da komai. Ko za a iya irin haka?

Malama Zulai:
Dangantakar gaskiya ce, Malam, kamfanin Tyazhpromexport aka ba kwangilar a 1979. Haka babban gidan wasan kwaikwayo na Iganmu a Legas, kamfanin Bulgeriya ne ya gina shi aka gama a 1976, a kan fasalin wani zaure da ke birnin Varna. Amma labarin ya bambanta. Najeriya ba ta yi mulkin kwaminis ba, ciniki ne tsakanin gwamnatoci. Nowa Huta ta narka ƙarfe sama da shekara sittin kafin a kashe tanderu, tana da tsararraki masu labari. Ajaokuta har yanzu jira ake ta fara, kuma gwamnati ba za ta kira abin da take alkawarin tayarwa kayan tarihi ba. Abin da za a iya yi ba tare da an taɓa wannan ba shi ne ziyarar ɗaliban injiniya da tsara birane, da adana zanen gine-gine da takardun aikin kafin gara ta gama da su.

Alhaji Sule:
Na ji bayananku, kuma na sassauta a kan gidaje da maɓoya. Amma ina nan a kan bakana game da sunaye da alamomi. Babban dandalin Nowa Huta ma ai sun canja masa suna zuwa Ronald Reagan a 2004, kuma Polan ta yi doka a 2016 ta cire sunayen kwaminis daga tituna. Wanda aka zalunta bai kamata ya riƙa rubuta sunan azzalumi a adireshinsa don baƙo ya ji daɗi ba.

Dakta Hauwa:
A nan muna tare, Alhaji. Suna girmamawa ne, a canja shi. Abin da nake roƙo shi ne ƙaramin allo a ƙasan sabon sunan da zai ce daga shekara kaza zuwa kaza sunan titin nan kaza. Karl-Marx-Allee ta kasance Stalinallee har 1961, kuma magina da ke aiki a kanta ne suka fara boren Yunin 1953 a kan gwamnatin kwaminis ta Jamus ta Gabas. Wanda bai san tsohon sunan ba, ba zai gane abin da suka yi ba.

Aminu:
Allon nan a yi shi da harsuna biyu, kada ya wuce kalma 80, da tsohon hoto guda da aka ɗauka daga daidai inda mai karatu yake tsaye. A kafa shi a kan ƙafarsa a gefen hanya, kada a huda bangon da aka yi wa rajista. Sai dokar shiga tsakar benaye, domin a Nowa Huta kowane rukuni yana kewaye da fili mai bishiyoyi da wurin wasan yara, kuma nan ne tsarin garin ya fi fitowa. A zaɓi fili biyu ko uku da mazauna suka amince, ayari kada ya wuce mutum 15, ba lasifika, ba hoton yara ko tagogi, ba shiga bayan ƙarfe shida na yamma. Wani kaso na kuɗin kowane ayari ya shiga asusun gyaran wannan benen kai tsaye, a kuma manna lissafin a ƙofar shiga duk wata uku don kowa ya gani.

Injiniya Bashir:
Idan za a yi haka, a rubuta a yarjejeniyar cewa kuɗin na rufi da indararo ne kafin komai. In ba haka ba taron mazauna zai zaɓi fentin matakala, domin shi ido ke gani. A kuma sa a riƙa hawa duba rufin sau biyu a shekara, bayan ganye ya gama zuba a kaka da kuma bayan ƙanƙara ta narke, domin a waɗannan lokuta biyu ne bututun ruwa ke toshewa.